Madubin Hangen da Wana Ya Wanke da Toka

Wana, wanda muka sha nono ɗaya da shi, ya ɗauki madubin hangena ba da sanina ba, ya cuɗe shi da toka da rairayi kamar gindin tukunya, ya maido mini shi makaho. Saboda wankin nan nasa matata ta bar duniya ba ta ga abu ɗaya tak da ta roƙe ni in nuna mata ba. Na faɗa tun farko don ni ba na kewaye-kewaye. Lakwal ma a aji shida na tsaya, jarrabawar sartifika ta kayar da ni sau biyu, mushe, wato malamin ajinmu, ya ce kaina ya fi dacewa da hauya. To, da hannun hauya nake wannan rubutu, wanda ya ga karkata ya yi haƙuri.

A Dakoro in ka tambayi gidan mai tsuntsaye za a nuna maka ƙofata, mai nunawar yana murmushi. Ba a haife ni da wannan hali ba. Na haura talatin kafin in san tsuntsu yana da fuska.

Wata bazara ce da abincin dabbobi ya yi wuya. Na hau wani babban gawo da ke bayan unguwarmu ina sassabo wa awakina ganye, sai na ji ana cewa in sauko. Wani dattijon gardin daji ne, siriri, da kakinsa da ya koɗe. Na sauko ina jiran ya karɓe gatarina. Bai karɓa ba. Ya ja ni baya kamar taku hamsin, ya cire wani baƙin abu mai ido biyu daga wuyansa, wanda su ke kira jumel, ya ce in duba ƙolin itacen da nake sara. Da farko duhu na gani, sai gashin idona. Ya kama yatsana ya aza a kan ɗan abin murzawa da ke tsakiya, ya ce in juya a hankali. Sai ga shamuwa a gaban hancina, da tsinke a baki. Tun ina yaro nake ganin shamuwa, baƙa mai farin ciki, wadda in ta zo mun san ruwa ya kusa. Ban taɓa sanin fuskarta shuɗiya ba ce, da ɗan ja a gefen ido kamar an ɗiga mata lalle. Tsohon ya ce, “Baƙo na aza ɗaki, kai kana sare masa ginshiƙi.” Tarar da ya ci ni ke nan.

Daga ranar na zama jelarsa. Duk ranar da ba aikin gona, ina bayansa, bakin tafki ko cikin saura. Shi ya nuna mini yadda zalɓe ke tsayawa kamar mai jiran bashin kifi, da yadda cilakowa ke toshe matarsa a kogon itace yana kai mata abinci ta ɗan tsagi. Da ya ajiye aiki, ofishinsu ya karɓe jumel ɗin, don kayan gwamnati ne. Na yi wata biyu ina kallon sama da ido tsirara kamar wanda aka rage wa rabin gani. Sai na sayar da ragona, na roƙe shi ya raka ni Maradi wurin ƴan gwanjo.

Ni da na ga kaya, hannuna ya tafi kan mafi girma, wani ƙato kamar kan taɓarya, an rubuta ashirin a jikinsa. Tsohon ya buge mini hannu. Ya ce wannan na masu kafa shi a kan ƙafar ƙarfe ne, in na riƙe da hannu tsuntsu zai yi ta rawa har kaina ya yi ciwo. Mai lamba takwas ya ce mu nema, shi ne daidai hannun mutum mai tafiya a ƙasa. Kowane muka ɗauka sai ya juya shi baibai ya ɗaga wa sama, yana neman ƙarzuwa ko wani abu kamar saƙar gizo a ciki. Ya girgiza shi a bakin kunne, in ya ji motsi ya ajiye. Ya sa ni in kalli wayar lantarki da ke ƙetare hanya, in wayar ta rabu biyu, ya ce wannan ya taɓa faɗuwa, idanunsa sun saɓa. Wanda ya tsallake duk wannan kuma sai in rataya shi a wuya mu yi ta hira, don in ji ko nauyinsa zai dame ni. Mai kayan ya gaji, ya tambaye mu ko mata muka zo zaɓe. Tsohon ya ce masa ai mace ana zama da ita hali ya gyaru, wanga kuwa in ya zo da karkataccen ido, da shi zai mutu.

A mota muna komowa ya karanta mini dokokinsa. Ya ce maƙiyin madubi na farko rairayi ne, kuma na san rairayin garinmu, ko tuwo ka rufe sai ka tauna shi. Kada in taɓa goge gilashin a bushe. In fara hurawa, in share da gashin zabo mai laushi, in yi masa hucin baki, sannan in shafa tsohon ƙyalle wankakke, a hankali kamar mai share wa jinjiri ido. Ban da bakin riga, ban da jelar rawani. Ban da rana, ban da ruwa. Ya nuna mini wani shuɗi-shuɗi da ke ƙyalli a fuskar gilashin, ya ce wata fata ce siririya, ita ke sa gani ya yi tas, in ta tafi ba ta komowa. Bai yi shekara biyu ba bayan nan ya rasu, Allah ya jiƙansa. Dokokinsa ban karya ko ɗaya ba, shekara goma da ɗoriya.

Matata da farko ta yi fushin ragon. Kwana uku tana ajiye mini tuwo ba magana. A na huɗu na zaunar da ita a kan kifaffen turmi a tsakar gida, na ce ta kafa gwiwar hannu a kan gwiwar ƙafa, na ba ta madubin, na nuna mata gawon nan dai da aka kama ni a kansa, don daga gidanmu ana hango ƙolinsa ta saman katanga. Ta daɗe ba ta sauke ba. Da yamma na tarar ta kwashe kayan da ke cikin langarta mai murfi, wadda uwarta ta ba ta ranar aure, wadda ko ni ba na taɓawa, ta shimfiɗa tsohon zane a ciki. Ta ce nan ne ɗakin madubin.

Allah bai ba mu haihuwa ba. Shekara ashirin da biyu muna tare, mun sha sassaƙe, mun sha rubutu, mun sha maganar mutane, daga baya muka bari. Ban ce tsuntsu ya maye gurbin ɗa ba, wanda ya ce haka bai san abin ba. Amma gawo itace ne mai saɓa wa sauran itatuwa, da ruwa ya sauka yake zubar da ganye, sai sheƙar shamuwa ta fito fili. Kowace damina, bayan ta gama wanke-wanke, za ta zauna a kan turminta ta ƙirga ƴan tsakin. “Bana ɗiyana huɗu,” haka take cewa, ko uku, ko biyu. Ta san wanda ke danne ƴan’uwansa wajen ci. In uwar ta daɗe ba ta komo ba sai ka ji tana yi mata faɗa daga nan inda take zaune. Matan unguwa kan leƙo su tambaye ta ko baƙin sun iso, don su fara gyaran iri.

Wana kuwa dillali ne a kasuwar dabbobi, Alhaji, mai shanu a arewa wurin makiyaya, mai mota. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya yi mini aure, kuma bai taɓa bari in manta ba. A bakin mutane mutumin kirki ne, ban kuma ce ƙarya suke ba. In ya gan ni da madubi a wuya sai ya ce wa abokansa ga ƙanensa mai kiwon da ba a tatsa. Yakan tambaye ni tsuntsun da ba za a ci ba mi ake kallo a jikinsa. Ina dariya tare da su. A gidanmu ƙane ba ya ɗaga ido ya dubi wansa, balle ya mayar masa da magana.

Shekara uku ke nan da ciwo ya kama ta. Cikinta na kumbura, sauran jiki na zubewa. A ƙarshen bazara aka ce mu tafi babbar likita, wato asibiti, a Maradi. Na bar wa wana makullin gida saboda awaki. Mun yi kusan kwana ashirin. Ranar ƙarshe lokotoron da ke duba ta ya ja ni gefe, ya ce in kai ta gida, duk abin da ranta ke so in ba ta. Ni ba yaro ba ne, na gane. Ita ma ta gane. Muna can aka yi ruwan shuka, hanya duk ta yi kore-kore. A cikin mota, kanta a kafaɗata, ta ce ba ta son nama, ba ta son kowane magani kuma. In ƴan tsakin sun fito in fitar da ita tsakar gida ta ƙirga su, shi ke nan.

Da muka isa na kwantar da ita, na buɗe langa. Na tarar da shi a naɗe cikin sabon farin ƙyalle wanda ba namu ba, a gefe ga cuku biyu da goro. Na warware. Jikinsa ya yi fes, har baƙin fentin ya goge a gefe-gefe, ƙarfe ya fito. Gilashin kuwa ya yi fari kamar idon tsoho mai yana. Shuɗin nan babu shi. Ta ciki ga ɗigon ruwa ya kwanta. Na juya abin murzawa na ji yana ƙaras-ƙaras. Na sa a ido na dubi gawo, ban ga komi ba sai fari kamar ruwan ƙasari, da wata inuwa a tsakiya.

Da la’asar wana ya zo gaishe da mai jiki. Ban tambaye shi ba, shi ya fara, yana fara’a. Wai shanunsa ne suka ɓace wa makiyayi, ya tuna da abin wasan nan nawa, ya ɗauka. Kwana uku suna daji, a na uku ya hau wani tudu ya hango su can nesa, ya ce ashe abin na da amfani in ya sami mai hankali. Ya ce ƙasa ta shige shi, fura ma ta zube a kansa a mota. Shi kuwa ba a haife shi ya mai da kayan aro da dauɗa ba, ya ce ai na san innarmu, ko ludayi ta aro sai ta cuɗe shi ya fi yadda ya zo, kuma ba ta mai da kwano wayam. Don haka ya zauna da kwanon ruwa da toka da lallausan rairayi, ya wanke shi kamar yadda yake wanke kofunan shayinsa, ya shanya a kan rumfa. “Da hannuna,” in ji shi, “ban ba mata ba.” Sai ya tsaya yana dubana.

Na ce an gode. Na ce Allah ya saka. Kalmomin nan sun fito daga bakina kamar yadda suka saba fitowa shekara arba’in, ba su ko tsaya neman izni ba.

Na yi abin da zan iya. Na binne shi a cikin buhun gero ko ruwan ciki zai tsotse. Ruwan ya tafi, ya bar tabo. Na kai wa mai gyaran salula a bakin tasha, ya duba ya ce ko a Maradi ba mai gyara wannan, fuskar gilashin ce aka kankare. Rago ba ni da shi, magani ya cinye. Barinta in yi tafiya kuma ba zai yiwu ba, ni ke juya ta, ni ke ba ta ruwa. Na san akwai wanda motarsa ke zuwa Maradi duk mako. Zuwa wurinsa yana nufin in ce masa ya ɓata, bayan na riga na gode. Na kasa. Wannan laifina ne, na kuma ɗauke shi, ba na neman wanda zai taya ni.

Ita ban gaya mata ba. In ta tambaya sai in ce ba su ƙyanƙyashe ba tukuna, ko in ce hadari ya rufe, ko in ce ta bari ta ɗan ji ƙarfi. Amma ta fi ni sanin kwanakin tsuntsayen nan. Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, gari ya yi wasai, ta ce, “Malam, yau dai.”

Na ɗauke ta, ba ta fi nauyin damin gero ba. Turmi ya fi ƙarfinta, sai na shimfiɗa tabarma na jingina ta da bango. Hannunta ba ya iya riƙewa, ni na riƙe mata a ido. Ta ɗora yatsa a kan abin murzawa ta juya. Na ji ƙarar rairayin, na san ita ma ta ji. Ta tsaya. Ta sake juyawa baya. Ta daɗe a haka, har na ji hannuna ya sage. Ina jiran ta tambaye ni mi ya sami madubin, na ma shirya ƙaryar da zan yi.

Ta ce, “Uku ne bana. Ƙaramin ya cika haɗama.” Sai ta janye fuska, ta ce in mai da shi ɗakinsa kada rana ta taɓa shi.

Da ta yi barci na tafi gindin gawon. Ƴan tsakin sun yi girman da suke tsayawa a bakin sheƙa, ana ganinsu daga ƙasa. Biyu ne. Na kewaya itacen ta gabas, na kewaya ta yamma, na jira uwar ta zo ta ba su abinci ko wani zai ɗago kai. Na tsaya har wuyana ya ƙage ina neman na uku. Biyu ne.

Kwana tara bayan nan ta cika. Wana ne ya sayi likkafani, shi ya zauna a gaba yana karɓar gaisuwa, mutane na cewa Allah ya ba kowa wa irin wannan. Aka yi sadakar uku, aka yi ta arba’in, shamuwa suka kwashe ɗiyansu suka tafi. Ni kuma na zauna da langa a ɗaki, da lokaci mai yawa na tunani.

A cikin tunanin nan ne wani abu ya tsaya mini. Mutum ya wanke madubi, ya shanya, ya bushe. Mi zai fara yi kafin ya naɗe? Ko yaro ne sai ya sa a ido. Kuma a shekarar sau biyu shanunsa suka sake ɓacewa, duk gari ya ji, amma bai aiko aron abin da ya ce ya yi masa rana ba. Ya daina ma yi mini ba’ar kiwon da ba a tatsa. In muka haɗu sai ya tambayi awaki, ya tambayi gona. Ashe sabon ƙyallen nan da cukun nan ba na al’adar inna ba ne kaɗai. An sa su ne don a toshe mini baki.

Na bar shekara ta kewayo. Ranar da na ga shamuwar farko ta sauka a kan gawo, da ido tsirara, baƙin ɗigo kawai ba fuska, na ɗauko madubin daga langa na nufi gidan wana. Da hantsi ne, yana zaure shi kaɗai, ya aza shayi, yana cuɗa kofuna da toka. Na gaishe shi yadda na saba, na durƙusa. Sannan na miƙa masa madubin, na ce baƙi sun iso, ya duba mini ko su nawa ne.

Bai sa a ido ba. Ya juya shi a hannu, ya yi ƴar dariya, ya ce ashe har yanzu ina nan da wannan magana. Ya ce kayan duniya ne, mutum ma ya tafi balle gilashi. In ina so, jibi motarsa za ta Maradi, a sayo mini wanda ya fi wannan girma sau biyu.

Tun da aka haife ni ban taɓa duban tsakiyar idonsa ba sai ranar. Na ce:

“Yaya, bar motarka ta huta. Wankin ban riƙe ka da shi ba, rashin sani ne, haka inna ta koya mana duka. Amma bayan ka wanke ka duba, ka ga abin da na gani. Da ka ce mini ‘na ɓata’ tun ranar, da jibin nan da kake faɗa yanzu ya yi amfani, don a lokacin tana da sauran kwana. Sai ka naɗe shi a sabon ƙyalle, ka zauna a tsakar gidana, ita tana kwance tana jinka, ka jira in gode maka. Matar nan shekara ashirin da biyu ba ta taɓa yi mini ƙarya ba sai da ta zo bakin kabari. Ta ce uku, don kada in ji kunya, don kada sunanka ya fito. Biyu ne, Yaya, na je na ƙirga. Zan ci gaba da gaishe ka. Zan zo sunan jikokinka. In ka riga ni, ni zan kama gaban makararka. Madubin ka riƙe, aikinka ne. Abin da ya kawo ni guda ne, godiyar nan da na yi maka ranar, na zo in karɓi abata.”